Rigakafi a Lokacin Annoba: Tsakanin Amana da Tilas

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma da wuya ka sami wanda zai musa wannan magana. Amma abin mamaki, ranar da ma'aikatan lafiya suka shigo gari da akwatin allura, sai ka tarar unguwa ɗaya ta rabu. Wani ya miƙa hannu, wani ya shige ɗaka ya ja ƙyaure, wani kuwa ya tura 'ya'yansa gona tun da asuba don kada a same su. Sau da yawa akan ce jahilci ne ke kawo haka. Lalle akwai jahilci a ciki, amma akwai kuma tambayoyi na gaskiya waɗanda ko likitoci da malamai sukan yi gardama a kansu. Wa za a fara yi wa idan allurar ba ta isa kowa ba? Ya halatta a tilasta wa wanda ya ƙi? Mene ne hakkin wanda za a yi wa a kan mai yi masa? Waɗannan su ne abubuwan da nake so in ɗan yi bayani a kansu ga 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu, musamman mu mutanen ƙasar Birnin Kudu da Gwaram.

Yadda rigakafi yake aiki

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da garkuwa, watau wasu dakaru a cikin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Abin da allurar rigakafi ke yi shi ne ta nuna wa waɗannan dakaru kamannin abokin gaba tun bai zo ba. Akan yi ta da ƙwayar cutar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɗan yanki nata, ko kuma wani saƙo da zai sa jiki ya ƙera wannan yanki da kansa. In cutar ta gaske ta zo daga baya, sai ta tarar an shirya mata.

Akwai wani amfani na biyu. Idan mafi yawan mutanen gari sun yi rigakafin cuta irin ƙyanda, sai cutar ta rasa hanyar bi daga gida zuwa gida, kamar yadda wutar daji kan mutu in ta iso inda manomi ya share ciyawa kewaye da rumbunsa. Ta haka jariri da bai isa allura ba, da majinyacin da jikinsa ba zai ɗauka ba, su ma sun tsira. Wannan shi ya sa maganar rigakafi ba ta tsaya kan mutum shi kaɗai ba, ta shafi maƙwabcinsa.

Kakanninmu shaida ne. Duk wanda ya duba damtsen wani tsoho zai iya ganin tabon lamba, watau rigakafin agana. Wannan cuta ta kashe mutane ba iyaka, ta makantar da wasu, ta bar wasu da zanzana a fuska. An yi mata taron dangi da lamba, aka daina ganinta a Nijeriya a 1970, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga doron ƙasa. Mu 'yan yanzu sunanta kawai muke ji.

Matsala ta farko: amana

To, in haka ne, me ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari? Sai mun koma shekarar 1996. A wannan shekara aka yi mummunar annobar sanƙarau a Arewa, wadda ta kama mutane fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka sai kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko ma'aikatansa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kamfanin kuwa ya ce an yi musu bayani da baki sun yarda, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a, har a 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

A lura, Trovan magani ne da ake ba wanda ya riga ya kamu, ba allurar rigakafi ba ce. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003, da jita-jita ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon rigakafin shan-inna, mutane da yawa suka gaskata, har wasu jihohi suka dakatar da shi. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an sayo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20, kuma a 2006 yara fiye da 1,000 ta shanye a Nijeriya. A watan Fabrairu na 2013 ma, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano.

Abin da ya gyara al'amarin shi ne shigowar sarakuna da malamai. Daga 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa a kan wannan aiki, saƙo ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Darasin da ke nan a fili yake. Amanar da aka ɓata a mako kaɗan sai da aka shekara fiye da 20 ana gyaranta, kuma yara marasa laifi ne suka biya bashin da ƙafafunsu.

Matsala ta biyu: wa za a fara yi wa?

Cutar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ba a daɗe ba aka rufe makarantu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka yi ta mayar da almajirai garuruwansu. A watan Afrilu na shekarar aka yi ta mace-mace a Kano, galibi dattawa, kusan mutum 1,000, kuma daga baya Ministan Lafiya ya ce mai yiwuwa fiye da rabinsu korona ce sanadi.

Allurar farko ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, guda miliyan 3.92, ƙirar AstraZeneca. Bari mu yi lissafi irin na aji. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200, kuma kowane mutum sau biyu ake yi masa. Ke nan abin da ya zo ba zai ishi mutum 1 cikin 100 ba. Tuwo malmala ɗaya, gida cike da baƙi. Wa za a miƙa wa?

Gwamnati ta ce a fara da ma'aikatan lafiya da shugabanni, sa'an nan 'yan shekara 50 zuwa sama, sa'an nan masu ciwon suga ko hawan jini da makamantansu. Dalilin fara wa da ma'aikatan lafiya ba ɓoyayye ba ne. Su ne ke tsaye a kan majinyata, kuma in likita ɗaya ya kwanta a asibitin tarayya na Birnin Kudu, mutane ɗaruruwa ne za su rasa mai duba su. Dattawa kuwa su cutar ta fi kashewa. Yara irinmu ba a sa mu a layi ba, domin ba kasafai take yi wa yara tsanani ba.

Maganar shugabanni ita ce mai fuska biyu. Likita ne aka fara yi wa ranar 5 ga Maris, kashegari aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa a gaban 'yan jarida. Wasu suka ce ga shi nan, manya sun fara cika cikinsu. Amma da sun ƙi yi, da an ce sun san akwai guba shi ya sa suka tura talaka gaba. A ganina ya dace shugaba ya fara don ya cire wa jama'a tsoro. Abin da bai dace ba shi ne iyalansa da abokansa da yaran gidansa su bi ta bayan fage su sha gaban tsohuwar da ke Basirka.

Akwai kuma bambancin birni da ƙauye. An buɗe rajistar allura ta intanet, alhali dattijon da ke wani ƙauye a bayan Fagam ko Farin Dutse ba shi da irin wannan waya, wataƙila ma ba sabis a garinsu. Ita allurar kuma sai an ajiye ta cikin sanyi, tsakanin awo 2 zuwa 8, ga shi wutar lantarki ba ta tsayawa. Kai ta rugar Fulani da damina, a kan babur, cikin akwatin ƙanƙara, ya fi tsada da wahala nesa ba kusa ba a kan yi wa ma'aikatan sakatariya a Dutse. Mai neman cika lissafi da sauri zai tsaya a bakin kwalta. Mai neman adalci kuwa dole ya tsallaka rafi.

Tarihi ya nuna cewa ƙarancin allura ba ya hana nasara in an yi tunani. A ƙarshen 1966 agana ta ɓulla a ƙasar Ogoja, maganin lamba kuwa bai isa ba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, ya sa aka nemo duk gidan da cutar take, aka yi wa mutanen gidan da maƙwabtansu, da kasuwannin da suke ci. Cutar ta mutu tun ba a yi wa kowa da kowa ba, kuma da wannan dabara aka ƙarasa agana a duniya. Watau a kai allura inda haɗari yake, ko da can ne ƙarshen hanya.

Matsala ta uku: masu shi da marasa shi

Me ya sa tun farko abin da ya iso mana kaɗan ne? Domin ƙasashe masu arziki sun saye allurar tun tana masana'anta, wasunsu ma sun yi odar abin da ya ninka yawan mutanensu. Zuwa ƙarshen 2021, ana yi wa mutanen Turai da Amurka allura ta uku, alhali a Afirka waɗanda suka kammala nasu ba su kai 1 cikin 10 ba. Da suka tashi yin kyauta kuma, wasu suka aiko wadda ta kusa lalacewa. A watan Disamba na 2021 sai da hukumomin Nijeriya suka lalata allura fiye da miliyan 1 a wani juji a Abuja saboda wa'adinta ya wuce, suka kuma ce ba za su sake karɓar irin wannan ba.

Wani zai ce ai kowace gwamnati mutanenta ne hakkinta na farko, kuma da kuɗinta ta saya. Gaskiya ne, uba yakan fara ciyar da gidansa. Amma wanda ya tara ruwa randa goma alhali gidan maƙwabcinsa na ci da wuta, bai yi wa kansa ma dabara ba. Duk inda aka bar cuta tana yawo, can take sake kama ta dawo wa kowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu kuma namu laifin shi ne dogaro da kyauta. Ƙasar da ba ta ƙera allurarta dole ta jira ragowar wasu.

Matsala ta huɗu: tilas ko lallashi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi. A 2021 Gwamnatin Jihar Edo ta ce sai mai katin allura zai shiga wasu wuraren taruwar jama'a. Gwamnatin Tarayya kuma ta ce daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko takardar gwaji. Saudiyya ta hana maniyyatan waje aikin hajji a 2020 da 2021, da ta buɗe a 2022 kuwa sai da shaidar allura.

Masu goyon bayan tilas suna cewa 'yancin mutum yana ƙarewa ne inda cutar da wani ta fara. Ba a barin mutum ya yi bahaya a bakin rijiyar gari don wai jikinsa ne. Masu ƙi kuwa suna cewa jikin mutum amana ce a hannunsa, ba a soka masa abu sai da yardarsa, kuma wanda aka ce ko allura ko albashi ba a ce ya yarda ba. Kowane ɓangare yana da hujja.

Abin da na fahimta shi ne ba duk cututtuka ne hukuncinsu ɗaya ba. Allurar ƙyanda tana tare yaɗuwar cutar ƙwarai. Ta korona kuwa, bincike ya nuna babban aikinta shi ne hana ciwon yin tsanani da kisa, amma wanda ya yi ta yana iya kamuwa har ya shafa wa wani. Ke nan hujjar tilasta ta ba ta kai ƙarfin ta ƙyanda ba. Sa'an nan tilas tana da wata illa: takan haifi ƙarya. An sami masu sayen katin allura ba tare da an taɓa su ba. Kati a aljihu kuwa ba ya kare kowa.

Maganar yara daban take, domin yaro ba shi ke zaɓa wa kansa ba. Uban da ya ɓoye ɗansa, ba ƙafarsa ce za ta shanye ba. A nan hukuma tana da hakkin ta matsa, amma a fara da mai unguwa da liman da ungozoma, waɗanda mai gida ke jin kunyarsu, kafin a kai ga ɗan sanda. Mu kuma 'yan makarantar kwana muna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, ga zafin bazara, yanayin da sanƙarau ke so ke nan. A farkon 2024 wannan cuta ta kashe ɗalibai a makarantun kwana a Potiskum ta Jihar Yobe. A watan Maris na shekarar Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i 5 na cutar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara. Ɗalibin da ya tsere wa irin wannan allura, da ran na kusa da gadonsa yake wasa.

Matsala ta biyar: faɗin gaskiya

Hakkin wanda za a yi wa allura ne a gaya masa, da harshen da yake ji, ko ta mece ce, da abin da zai iya ji bayanta. Yawanci ciwon hannu ne da ɗan zazzaɓi na kwana 1 ko 2. A watan Maris na 2021 wasu ƙasashen Turai sun ɗan dakatar da AstraZeneca saboda daskarewar jini da aka gani a jikin mutane 'yan ƙalilan ƙwarai cikin miliyoyi. Mutanenmu sun ji wannan a rediyo. Ma'aikacin da ya ce musu ba ta da wata illa ko kaɗan, ya ba masu jita-jita makami. Gara ya ce akwai haɗari ɗan kaɗan, amma haɗarin cutar ga dattijo ya fi shi nesa.

Faɗin gaskiya ya hau kanmu mu ma. An yi ta yaɗa cewa duk wanda ya yi allurar korona zai mutu cikin shekara 2, ko ba zai haihu ba. Shekarun sun wuce, ga su nan muna gaisawa da su, ana ta suna a gidajensu. Wanda ya tura irin wannan saƙo ta waya ba tare da bincike ba, in wani ya ƙi allura ya mutu saboda shi, yana da kamasho.

Wasu kuma sukan ce tawakkali ya ishe su. Malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da Sahabbai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Manomi ba ya ƙin shuka don ya dogara ga Allah.

Cututtukan da aka manta

Akwai wata tambaya da mutanen karkara ke yi wadda ta cancanci amsa. Sukan ce, me ya sa ake bin mu har gida da allura kyauta, amma in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayar da akuya? A 2021, shekarar da ake ta shelar korona, amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,500 a Nijeriya, kuma Jigawa da maƙwabciyarmu Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan adadi ya haura duk mutanen da aka rubuta korona ta kashe a ƙasar, ko da yake gwajin korona kaɗan aka yi. Haka kuma lokacin kulle yara da yawa sun rasa alluransu na yau da kullum, kuma daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano ya bazu, mafi yawan waɗanda ya kama kuwa yaran da ba su kammala rigakafi ba ne. Hukumar da take son a yarda da ita ranar annoba, sai ta gyara rijiya ta kuma sa magani a asibitin ƙauye tun ana zaman lafiya.

Kammalawa

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Amma annoba baƙuwa ce mai komowa, ba a san da wane suna za ta zo ba. Saboda haka ina roƙon hukuma ta faɗi gaskiya, ta raba da adalci, ta nemi yardar mutane kafin ta ɗaga sanda. Ina roƙon iyayenmu su yi tambaya har su gamsu, amma su yi ta a wurin malamin asibiti, kada su bar wa mazauna teburin mai shayi. Mu kuma ɗalibai, da yawanmu mu ne masu karanta takarda a gidajenmu. In mun je hutu, mu nemi katin rigakafin ƙannenmu mu duba ko akwai allurar da ta wuce su, mu gaya wa iyaye cikin ladabi, mu raka su asibiti in ta kama.

Allah ya kare mu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.